Bakin Madam

Tun da kamfani ya kai Injiniya aiki ƙasar waje, matarsa ta tashi daga Maman 'Yar Baba ta koma Madam. An ba su gida mai bene, da direba, da wata dattijuwa mai shara da guga da girki. Matsalar ɗaya ce, Madam ba ta jin yaren dattijuwar, ita ma ba ta jin na Madam. Sai 'yarsu ƙarama, 'Yar Baba, wadda ke wuni a gindin tsohuwar a kicin, ta kwashe yaren tas kamar da shi aka haife ta. Shi ke nan Madam ta samu baki. "Ki ce mata wannan wace irin guga ce? Ki ce mata ba a riƙe mini kofi ta baki. Ki ce mata in ta gaji ga hanya nan." Yarinya ta juya ta faɗa, dattijuwa ta sunkuyar da kai.

Ana haka sai Inna, mahaifiyar Madam, ta zo ganin likitan ido, ta sauka wurinsu. Inna kuwa mace ce da ko akuyar maƙwabta ba ta yi wa tsawa. Abin da Madam ke so a duniya bai wuce Inna ta koma gida tana cewa 'yarta ta riƙe tarbiyya ba. Don haka ta ɗaure harshenta tamau. Har murmushi take yi wa dattijuwa, ita kuwa baiwar Allah sai ta riƙa waiwayawa ta ga ko da wani a bayanta.

Ran nan da hantsi suna falo, Inna ta miƙe ƙafa a kan kafet don ta ce kujerun nan haɗiye mutum suke yi. Dattijuwa ta shigo da tiren shayi. Gefen kafet ya harɗe ta, butar ta karkace, shayi ya malale a farin kafet. Madam ta haɗiye abin da ya taso mata, ta buɗe baki za ta ce ba komai.

Ina! 'Yar Baba ta riga ta. Ba wanda ya aike ta. Ta diro daga kujera, ta kama ƙugu da hannu ɗaya, ta nuna tsohuwar da yatsa, ta shiga zuba mata ruwan masifa. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya, amma wa ke bukatar tafinta? Tsakin na Madam ne, harara ta Madam ce, har yadda take buga ƙafa in ta kai aya. Dattijuwa tana durƙushe tana goge kafet da gefen rigarta, tana maimaita wata kalma a hankali.

Madam ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta rufe ta. Ta ce, "Ke! Wa ya koya miki wannan rashin kunyar?" Tana rufe baki ta san ta yi ɓaranɓarama, don yarinyar ta juyo tana kallonta da mamaki, irin na wanda ya yi aiki yana jiran a ce sannu.

Inna ba ta ko dubi 'yarta ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Ta ja jiki da gwiwoyinta masu ciwo har gaban dattijuwa, ta karɓe kofin da ke hannunta ta ajiye, ta riƙe hannayen biyu. Ashe sa'o'in juna ne, furfurarsu ɗaya. Madam ba ta taɓa lura ba sai yau.

"Zo nan, takwara," in ji Inna ga jikarta. "Tunda ke ce mai bakin, ki ce wa wannan baiwar Allah ta yi haƙuri, ta yafe mana."

'Yar Baba ta yi tsaye tana murza bakin rigarta.

Madam ta ce, "Ba ki ji Inna ba? Ko ba ki san yadda ake faɗa ba ne?"

"Na sani mana, Umma. Kalmar ce tsohuwar take ta maimaitawa yanzu."

"To faɗa mata."

Yarinyar ta dubi dattijuwa, ta dubi uwarta, ta rasa gane wannan sabon al'amari.

"Ai Umma, wannan ita ce ke faɗa mana," ta ce. "Mu ba ma faɗa mata."