Tuli Huɗu na Ruɓaɓɓiyar Albasa

A makarantar sakandaren Magarya akwai ɗalibai shida masu koyon tsara wa kwamfuta lissafi, amma ba su da kwamfuta. Wadda suke da ita ta mutu tun bara, don haka a takarda suke aiki. Malaminsu, Malam Halliru, yana da gurbi ɗaya tak na gasar da za a yi a Sakkwato, ya ce sai wanda ya warware tambayar ranar Alhamis zai tafi.

Bara'atu ta sa ranta a gurbin nan. Tambayar kuwa ita ce: ga biyu, uku, biyar da bakwai, ta hanya nawa za a zaɓi wasu daga ciki su haɗa goma? Ta zana gidaje daga sifili zuwa goma kamar yadda aka koya musu, kowane gida na riƙe da yawan hanyoyin kaiwa gare shi. Ta ɗauki lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana cike gidajen daga ƙasa zuwa sama.

"Mi kinka samu, ɗiyata?" in ji Malam.

"Biyat, Malam."

Bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta kuskure ba. Ya ja ta bayan aji, inda manoman rani ke zubar da albasar da ta lalace a rumbu. Ruwan madatsar yankin ya sa an noma fiye da yadda za a iya adanawa, ga ta nan jibge tana tsiyayar baƙin ruwa, ƙudaje sun rufe ta. Warin ya daki Bara'atu.

Malam ya ware tuli huɗu da sanda: mai albasa biyu, mai uku, mai biyar, mai bakwai. Ya ajiye wani tsohon daro.

"Gwada mini hanyoyin naki, da hannu."

"Malam, wagga ƙazanta? Ba mai kyau?"

"Mai kyau ta miya ce. Bismillah."

Ta toshe hanci da gefen hijabi. Ta kwashi tulin bakwai da na uku ta zuba a daro. Wata ta fashe mata a tafi, tsutsa ta biyo yatsanta. Ta yarfe, ta tofar da yawu, ta mai da su wurinsu. Ta kwashi biyu da uku da biyar. Goma kuma.

"Saura ukku," in ji Malam a hankali.

Hanya ta gaba a takardarta biyar da biyar ce. Ta zuba tulin biyar, ta miƙa hannu neman wani tulin biyar ɗin. Babu komai a wurin sai danshin da ya bari a ƙasa. Ta tsaya, ruwan ɗoyi na gangara mata zuwa gwiwar hannu. Ta duba sauran hanyoyin biyu: su ma tuli ɗaya suke ɗauka sau da yawa.

Ta wanke hannu da toka sau uku, warin bai tafi ba. Ta koma aji ta sake zana gidajen, wannan karon tana cikewa daga goma zuwa ƙasa. Biyu ta samu, daidai da abin da daro ya nuna. Malam ya rubuta sunanta a takardar tafiya.

Bara'atu ta gane cewa in ta fara cike gidajen daga ƙasa, tulin da ta riga ta zuba a daro shi take sake ƙirgawa.