Aiken Masinja

A matakala ta talatin da ɗaya numfashin Tela ya ƙare. Ta saki ledar magani, ta rungume ƙarfen gefe da hannu biyu, ta zauna daɓas a tsakiyar hanya yadda ko kyanwa ba za ta sami wurin wucewa ba.

"Umma, minti goma sha huɗu ke nan," in ji Auta, tana duban agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta ta asibiti. "Kuma saura hawa guda cur."

"To ki rubuta a fayil. Ni dai ba majinyaciyarki ba ce."

Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, nas ce, irin waɗanda ko gaisawa kuke yi idonsu na kan kumburin ƙafarka. Ta tsince kwalayen maganin, ta yi magana a hankali, kuma maganarta ta hankali ta fi faɗanta ciwo.

"Likita ya ce tafiya kullum, rabin awa. Wata uku na ba ki. In na dawo na tarar ba kya iya hawa benen nan ba tare da zama ba, mota zan kawo a kwashe kayanki, ki koma gidana. Ba zan jira a kira ni a ce kin gangaro ba."

Tela ta san ɗakin da ake nufi. Yana can bayan gida, tagarsa na kallon bango da tankin ruwa, ga suruki mai gaisuwa kamar yana karantawa daga takarda. Alhali ɗakinta na hawa na uku, shekara ashirin da tara tana ciki. Keken ɗinkinta na gindin taga, tagar na kallon mahaɗar titi, babu mai shiga benen ko fita ba ta gani ba. Ta san faɗin ƙugun kowace mace a gidan, har takan san mai ciki kafin mijin ya sani. A raba ta da wannan tagar, ai gara a ce ta kwanta ta ja bargo.

Ƙofar da ke saman kanta, matakala ɗaya tal, ta buɗe. Masinja ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, siriri kamar sandar tsintsiya. Shekara talatin da biyar yana raba wasiƙu a ƙafa, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, amma har lokacin kullum da safe sai ya rataya tsohuwar jakarsa ya fita.

"Tela, in kin gama da matakalar, a ba mu aro mu sauka."

"Tsallaka mana, tunda ba ka da nauyin da zai karya ni."

Ba za a ce ba ta gwada ba. Auta ta sayo mata farin takalmin motsa jiki, ta saka mata muryar wata mata a waya mai ƙirga taku tana yabon mutum. Kwana biyu Tela ta zagaya layin. Mai kayan miya ta tambaye ta, "Ina zuwa da sassafe haka?" Mace mai jikoki bakwai tana yawo hannu rabbana, tana haki, ba kasuwa ba, ba gaisuwar mara lafiya ba. Ta koma sama. A mako na biyu takalmin ya zama mazubin maɓallai, na dama farare, na hagu baƙaƙe.

"Ni ma ban taɓa tafiya don tafiya ba," Masinja ya ce mata wata rana. "Jakar nan da kike gani, ko jaridar jiya ce sai na saka na kai wa wani. In ba a aike ni ba, ƙafata ba ta tashi."

"Ni kuwa na wuce aike."

Duk benen an ɗauka Tela ce za ta riga kowa kwantawa, ga suga ga hawan jini. Sai ga shi mai tafiyar ne ya kwanta. An kai shi asibiti, aka dawo da shi da irin cutar da likita ke faɗa wa 'yan uwa a bayan ƙofa. Ɗansa na aiki a nesa, matar ɗan ce ta tare tana jinyarsa. Da Tela ta sauko dubiya, ta tarar da shi a jingine da filo uku, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idonta na tela ya auna, ya rage inci biyu da rabi.

Ya jira surukar ta shiga kicin, sannan ya zaro ambulan daga ƙarƙashin filo. An liƙe shi da gam, ya sa hannu a kan liƙin, yadda suke yi a ofis.

"Kin san shagon Mai Agogo, bayan gadar ƙafa? Abokina ne. Ki kai masa, hannu da hannu, ki karɓo amsa."

"Ba shi da waya ne?"

"Kurma ne, shekara goma ke nan."

"Surukarka fa?"

Ya leƙa ƙofar kicin, ya rage murya. "Ba na so ta sani."

To, ku da kuka san Tela kun san an gama da ita. Washegari ta juye maɓallai a faranti, ta zura takalmin.

Hanyar ba ta da daɗi. Ana wuce kantin magani, a wuce wurin masu faci inda ƙasa ta yi baƙi da mai, a bi bayan makaranta, sannan gadar ƙafa mai matakala ashirin hawa ashirin sauka. Ta huta sau shida. Amma da mai kayan miya ta ce ina zuwa, ta ɗaga ambulan ta ce, "Aike," da wata irin murya da ta hana matar sukuni yini guda.

Shagon ɗan ƙarami ne, agogo sun fi arba'in a bango, kowanne da abin da yake faɗa. Mai Agogo ya cire gilashin ido ɗaya da yake aiki da shi, ya karanta takardar, ya dube ta, ya dubi wani agogo guda a kusurwa. Ya turo mata kujera, ya zuba mata ruwa a kofi. Ya yi ɗan rubutu, ya liƙe. Bayan minti biyar daidai ya miƙa mata, ya nuna mata ƙofa.

Haka kullum. Tana tafe tana saƙawa tana kwancewa. Mace ce, ta yanke. Wata ce a ɓoye, wataƙila har da 'ya'ya, Mai Agogo ne ɗan tsakani. Wannan salihin fuskar tasa dama ba ta taɓa yarda da ita ba. Rana ɗaya gwiwa ta matsa mata ta hau bas, ta sauka nesa da shagon don kada a gani. Da ta kawo amsa, Masinja ya buɗe, ya ce, "Saƙon hannu ba ya hawa bas, Tela. Ƙa'idar aiki ce." Ta rasa wanda ya kai gulmarta, ita da ta saba kai ta wasu.

Ran kwana na ashirin da uku ta kasa daurewa. Ta karɓi ambulan, maimakon ta sauka sai ta hau. Ta ɗora buta, ta kara liƙin a tururi, ta bi shi da bakin almakashi a hankali. Layi uku ne.

"Ta tashi takwas da minti biyar. Ka rubuta lokacin isowarta. Kujera, ruwa, minti biyar, kada ka bari ta zauna ta yi sanyi."

Ta juya bayan takardar. Babu komai. Ta zauna a bakin gado har butar ta ƙone.

Ba ta ƙwanƙwasa ba da ta shiga ɗakinsa. Ta jefa masa takardar a kan bargo.

"Ashe ni ce kayan da ake aikawa."

Ya daɗe yana neman numfashi kafin ya yi dariya, dariyar ma rabi tari ce. "Shekara talatin da biyar ban taɓa buɗe wasiƙar wani ba. Ke kin yi kwana ashirin da uku. Wallahi na ɗauka uku ma ba za ki kai ba." Ya laluba ƙarƙashin filo ya fito da ɗan littafi. "Duba nan. Ranar farko minti hamsin da biyu. Jiya talatin da huɗu. Ban da ranar bas."

"Ka mai da ni abin dariya, kai da kurman abokinka. Ina tafe ina ɗaga wa mutane ambulan kamar wata mai muƙami."

"Waye ya yi dariya?"

"Ni na gaji, Masinja. Kowa so yake ya gyara ni. Auta da agogonta, kai da naka. A bar ni mana."

"Na bar ki," ya ce, ya rufe ido. "Ni ma na gaji. Ja mini ƙofar."

Kwana huɗu ba ta sauko ba. Ta zauna a taga tana ɗinke bakin labulen da babu mai jiransa. Ta ga mai kawo iskar numfashi ya shiga da tukunya ya fita da wata. Ta ga ɗan Masinja ya sauka daga tasi da jaka ɗaya, bai ko tsaya karɓar canji ba. Ta san ma'anar wannan sarai. Ta ce gobe za ta sauka, in fushin ya ɗan huce, don kada ya ga kamar ya ci nasara.

Da safiyar kwana na biyar, tana wanke kofi, ta ji kukan surukar ya biyo bututun ruwa ya hau. Ta kashe famfo. Ta tsaya riƙe da kofin har hannunta ya bushe.

An yi jana'iza, an yi zaman gaisuwa, takalman mutane sun cika matakala. Kwana biyu bayan nan surukar ta hau da tsohuwar jakar, idonta a kumbure.

"Gwaggo, Baba ya ce a ba ki. Kwanakin nan da ba ki zo ba, su yake ta rubutawa, ina riƙe masa littafi yana dannawa."

Ambulan ne goma sha tara. A kowanne an rubuta "Ta tashi", an bar fili. Na farko-farkon rubutun a miƙe yake, na ƙarshen ya gangara kamar zai zube daga takardar. Babu wanda aka liƙe.

"Ya ce kada a sa gam, wai don kada ki wahalar da butarki."

Tela ta ja tsaki, ta goge ido da bakin mayafi. Can ta ɗago. "An gaya wa Mai Agogo?"

Surukar ta dube ta. "Wane ne shi?"

Tela ta jawo takalmin da ƙafa. Ta dubi agogon bango, ta cike filin da biron da take rubuta awon mutane: takwas da kwata. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya da nata rubutun mai kama da tafiyar kaza.

Kwanakin zaman sun mai da ta baya. Gwiwa na ƙara, gadar ta ƙara tsawo. Mai Agogo ya ganta ya washe baki, ya ɗaga yatsu bakwai, wato ina kika shiga. Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya cire gilashin ya ajiye a cikin ƙananan sukurori, inda ba ta taɓa gani ya ajiye shi ba. Sannan ya dubi agogon kusurwa, ya rubuta lokaci, ya turo kujera, ya zuba ruwa. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce, bai nuna mata ƙofa ba. Suka zauna, agogo arba'in na ta bugawa, ita kaɗai ke jin su.

Da ta dawo, motar Auta na bakin bene, ita kuma tana tsaye da kwalaye huɗu a ninke a hammata.

"An ce mini kin yi kwanaki ba ki sauko ba, Umma."

"Wata ukun bai cika ba."

"Na sani. Mu hau dai."

Tela ta kama ƙarfe. Sha shida na farko ta yi su da baki a rufe. Daga ashirin ƙirjinta ya fara kaɗawa, gumi na bin bayan kunnenta, tana jin takun Auta a baya da shirun mai duban agogo. Talatin. Talatin da ɗaya. A ta talatin da biyu ta tsaya.

"Umma, kin tsaya."

"Tsayawa na yi, ban zauna ba. Amsa na kawo."

Ta dafa bango, ta sunkuya da ƙyar, ta tura ambulan ɗin Mai Agogo ta ƙarƙashin ƙofar. Miƙewar ta fi sunkuyawar wuya. Auta ta miƙo hannu, Tela ta ture shi. Sauran sha shidan ta hau su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗora ƙafa biyu a kan kowace, ba ta ƙirga ba.

A ɗaki ta faɗa kan kujerar keke, ta kasa ko kwance igiyar takalmi. Auta ta shigo bayanta hannu wofi, ta durƙusa ta kwance mata, ta danna kumburin idon sawu da babban yatsa, ta daɗe tana kallon wurin.

"Jakar waye wannan?"

"Ta aiki ce. Rataye mini ita a ƙusar bakin ƙofa."

Auta ta rataye. Kwalayen na can hawa na biyu a jingine da bango, kusa da ƙofar Masinja, inda farin kunnen ambulan ya ɗan leƙo waje.