Satar Faɗuwa

A kwanar ƙarshe Injiniya ya ɗaga babban yatsansa daga madannin rimot, ya bar akuyarsa ta afka kududdufi da kekenta. Jiminar Baba, surukinsa, ta zo ta wuce tana rangaji, ta tsallake layi ita ce ta ɗaya. Karo na uku ke nan a jere.

Umma, wadda kunkurunta bai ko hango layin ba, ta rantse rimot ɗinta ne ke da matsala. Auta ta tuna mata cewa sau biyu suka yi musanya. Baba dai ya dubi Injiniya. Gilashinsa kawai ya gyara.

Auta ce ta kawo na'urar wasan daga jami'a a hutun bara, gidan kuma ya kamu. Wasan tseren dabbobi ne a kan kekuna, mutum huɗu a lokaci guda, kowa na jifan kowa da tumatir. Baba, tsohon hedimastan da ɗalibansa masu furfura ke miƙewa tsaye in ya kira su a waya, shi ya fara cewa shiririta ce. Yanzu shi ke goge talabijin duk Asabar kafin baƙi su zo.

Injiniya kuwa ba wasa ne ya kawo shi ba. A aljihunsa akwai takarda daga kamfanin ruwan da yake wa aiki: an ƙara masa girma, an tura shi wani reshe mai nisan yini guda a mota. Matarsa ce babbar 'yar Baba, ita ke leƙowa duk bayan kwana biyu ta auna masa jini, su yi ta gardama a kan gishiri. Shekara biyu da auren, maganar Injiniya da surukinsa ba ta taɓa wuce gaisuwa da batun famfo ba. Tun a mota matar ta tsara masa komai. Ta ce ran Baba ba ya sanyi sai ya ci wasa, don haka ya bar shi ya ci kamar sau huɗu, sannan ya fito da takardar. Tana tsaye yanzu a ƙofar kicin da tire a hannu, tana nuna masa yatsa ɗaya, wato saura ɗaya.

Auta za ta danna sabon zagaye, Baba ya ɗaga mata hannu.

"Injiniya, shekara talatin da biyar na yi ina kama masu satar amsa. Mai satar faɗuwa ban taɓa gani ba sai yau."

Zufa ta karyo wa Injiniya. Ya fara kame-kamen cewa hannunsa ne ya yi santsi. Baba ya ce ya ƙirga: kududdufi ɗaya, a kwanar ƙarshe, har sau uku, alhali akuyar kan zagaye duk sauran kamar da ita aka zana hanyar. Ya ce a sake, kuma duk wanda ya raga masa a falon nan ya raina shi. Matar Injiniya ta sulale ta koma kicin.

Aka sake. Da farko Injiniya ya yi niyyar ci da tazara kaɗan, cikin ladabi, amma a kan gada tumatirin Baba ya fashe a fuskar akuyar, ya kuma ji tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Daga nan ya manta a gidan wa yake. Ya yanke ta bayan kasuwa, ya ture zomon Auta cikin rami, ya zagayo ya sami jimina ya ɗirka mata tumatir biyu. Da ya tsallake layi sai ya tsinci kansa a tsaye, hannu a sama, a tsakiyar falon surukansa. Ya koma ya zauna a hankali, ya haɗe gwiwoyi.

Baba ya yi dariya har sai da ya cire gilashi. Umma ta ce ai ga wanda zai rama mata, ta tura masa kofin shayi.

Injiniya ya ga ba zai sami wata dama ba. Ya zamo daga kujera, ya miƙa takardar da hannu biyu, ya yi bayani yana haɗa kalmomi da ƙyar. Baba ya karanta har ƙasa, har da sa hannun, ya ninke ta yadda take. Ya ce Allah ya sa alheri, aiki ba a ƙin sa. Sai ya shiga juya rimot a hannunsa, yana kallon ƙofar kicin, inda ƙarar cokula ta tsaya.

Can ya juya wajen Auta, ya tambaye ta ko abin nan yana yiwuwa in mutum yana wani gari. Ta ce yana yi, in dai akwai intanet da na'ura a can ma.

"To, ka haɗa mana kafin ku tafi," in ji Baba. "Asabar ƙarfe huɗu. Ita ma ka koya mata, ta daina laɓewa a kicin."