Gwiwata da Rabin da Aka Bari

Shekara ashirin da biyu ina akawu a kotun gundumarmu a jihar Ohio, kuma ba abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kamar safiyar Litinin. Alƙali Whitlock ya kira suna, shiru. Ya sake kira, shiru. Sai ya zaro biro ya sa hannu a takardar kamu. Mutum laifinsa tuƙi da lasin da ya ƙare, ya tsinci kansa a kurkuku don kawai ya manta ranar zama.

Ana haka jami'a ta turo mana mai bincike, Dakta Marisol Quintero, 'yar firit da ita, sa'ar autata. Ta ce a gwada tura wa mutane saƙon tuni ta waya. Amma gwajin da ƙa'idarsa: kwamfuta za ta yi ƙuri'a, rabi su samu saƙo, rabi a bar su yadda aka saba. Bayan wata shida a kwatanta. In an ga bambanci, majalisar gunduma ta yarda a riƙa tura wa kowa. In babu, a binne maganar.

"To rabin da aka bari fa, 'yata?" na ce. "Su ba 'ya'yan mutane ba ne?"

"Mama Darlene, in ba mu bar su ba, da me za mu auna?"

Na ce to. Sai dai jerin sunayen ta teburina yake bi. Makon farko na ci karo da Cletus Barnhart, mai gyara mini famfo, a cikin rabin da aka bari. Mutumin da ranar aurensa ma sai matarsa ta tuna masa! Na ɗaga waya.

"Cletus, Laraba ƙarfe tara. Ka saka riga mai wuya, kar ka zo mana kana warin kwata."

Daga nan na ga ai son kai ne in kira wanda na sani in ƙyale wanda ban sani ba. Kafin ka ce kwabo, kullum da rana burodi na hagu, waya na dama.

Da wata shida suka cika, Marisol ta shigo ofishin alƙali ido jajir. "Babu bambanci," ta ce. "Duka ɓangarorin zuwansu ya ƙaru, daidai wa daida. Ranar Alhamis majalisa za ta ce saƙon banza ne."

Na yi tausayin 'yan ɗaruruwa, na jawo wa dubbai asara. Kunya ta kama ni matuƙa, amma na buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Duk na kira su."

Alƙali ya cire tabarau. "Darlene, duka?"

"Har da mai amsawa da zagi."

Marisol ta dafe kai. Can ta ɗago. "Kullum da kullum?"

"Kullum. In ban da mako bakwai da aka yi mini aikin gwiwa."

Yarinyar nan ta yi wuf ta buɗe kwamfutarta, ta ware makonnin da nake kwance. Sai ga bambanci ɓaro-ɓaro: masu saƙo suna zuwa, waɗanda aka bari suna ta mantawa. Ta rungume ni har gwiwar ta amsa.

"Ashe," in ji alƙali, "babban aikin da kika yi wa gundumar nan shi ne jinya."

Marisol ba ta rufe wa majalisa komai ba, har sunana ta faɗa. Suka ce mako bakwai ya yi kaɗan, a ƙara wata uku. Alƙali kuma ya yanke mini hukunci: abincin rana a ofishinsa, wayata a aljihun teburinsa. Wata uku ina tauna burodi ina hararsa, sunaye na wucewa ban kira ba. Wallahi ya fi aikin gwiwar zafi.

Sakamakon ya tabbata. Yanzu kowa na samun saƙo, babu ƙuri'a.

Litinin ɗin da ta wuce, alƙali ya kira suna goma sha huɗu. Sau goma sha huɗu aka ce, "Ga ni, ranka ya daɗe." Ya dubi biron da ya zaro tun safe, ya dube ni, ya mayar da shi aljihu.