Kunyoyin Ƙasan Teku

Tun ranar Laraba Malam Yamusa ya ɗaure jakarsa ya ajiye ta a bakin ƙofar ɗaki, inda kowa zai yi tuntuɓe da ita. Wata biyar ke nan da 'yarsa Rumasa'u ta ɗauko shi daga ƙauyensu na wajen Gumel zuwa gidanta a Kurudu, cikin Abuja, saboda ciwon gwiwa, kuma ya ce ya gaji da cin tuwon da bai noma ba. Ita kuwa ta san in ya koma, washegari zai bi shanun huɗa, gwiwar ta ƙarasa lalacewa. Abin yana damunta ƙwarai, amma lallashi ba ya shiga kunnen tsohon.

Rumasa'u ma'aikaciya ce a wata hukumar tarayya, aikinta zana taswirar ƙasan teku. Baban nata ya sha yi mata tsiya a kan haka, wai mace tana zaune a Abuja, inda ko kwale-kwale babu, tana auna teku.

Ranar Asabar bayan la'asar ta baje manyan hotuna a tabarma a tsakar gida. Fiye da shekara talatin da suka wuce, wasu masu bincike sun ja wata ƙatuwar garma da jirgin ruwa a can ƙasan teku mai nisa, don su ga irin ɓarnar da haƙar ma'adinai za ta yi. Yanzu wani jirgi ya koma ya ɗauko hotunan wurin, aka raba wa masana, ita ma aka aiko mata da nata kason. Sawun garmar na nan raɗau kamar jiya aka yi, sai dai wasu layukan ba su da zurfi. Waɗannan ta shafa musu kore, alamar sun fara cikewa, ƙasa tana warkewa. Ogan ofis ɗinsu, Leonard, har ya yaba, ya ce ranar Litinin za a tura rahoton.

Malam Yamusa ya zo wucewa da butarsa, ya tsaya. Ya tambayi gonar wane ne wannan, da aka yi mata huɗar ganganci haka. Ta yi dariya ta yi masa bayani. Bai yi dariya ba. Ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya bi wani koren layi da yatsa har ƙarshe, sannan ya tambayi ma'anar koren. Da ta faɗa masa, sai ya girgiza kai.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "wannan bai cike ba. Dama can bai yi zurfi ba. In kwari ya cike, kunyar ce ke zubewa a ciki, za ki ga ta baje. Nan ina kunyar? Garmar ce ta yi tsalle, mai ja ya yi sauri a kwana."

Ta ɗauko kwamfuta ta buɗo bayanan tafiyar jirgin farko. Duk inda ta shafa kore, nan ne jirgin ya karya kwana ya ƙara gudu. Saura kwana biyu ta sa hannu a kan cewa wuri yana warkewa, alhali ko ƙwayar ƙasa ba ta koma mazauninta ba.

Shi kuwa tsohon ya ƙura wa hoton ido. Ya ce a gonarsa damina ɗaya ke shafe huɗa, ciyawa ta rufe, tururuwa ta yi gida. Wurin da zai shekara talatin da rauni a buɗe, to ba wurin da za a shiga da wasa ba ne. Tausayin ƙasar ya kama shi sosai, kamar ta wani maƙwabcinsa ce.

Rumasa'u ta goge koren nan kaf, tana yi yana nuna mata wasu wuraren da ta tsallake, yana faɗan direban jirgin da bai taɓa gani ba. Har aka kira magariba ba su gama rabi ba.

Da ya tashi zai yi alwala, ya tambaye ta ko gonar ke nan duka. Ta ce akwai hotuna sun fi ɗari biyu a ofis, kuma ba ta da wanda zai duba mata su.

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi jakarsa, ya sa sandarsa ya tura ta cikin ɗaki.

"Ki riƙa kawo goma-goma," ya ce. "Idona ba ya son gaggawa."