Irin Gamban da Aka Jiƙa

Hyginus, malamin gona, ya jingine babur ɗinsa, ya tsuguna yana tonon ƙasa da yatsa. Bubayero na tsaye a kansa, sanda a kafaɗa, yana kallonsa ta wutsiyar ido. Kwana goma ke nan da ɗan yayyafin da aka samu a garin Kwadon, filin da aka shuka ko tsinke bai fito ba.

Shekarar fari ce. Cikin shanun Bubayero talatin, bakwai suka rage, su ma ana ƙirga haƙarƙarinsu. Sai ga wannan mutum daga ofishin gona na Gombe da buhun irin gamba, wai an jiƙa shi kwana ɗaya cikin ruwan gishiri, an shanya a inuwa, don ya tsiro ko ruwa kaɗan ne. Wai! Ina aka taɓa jiƙa iri kafin shuka in ba ana so ya ruɓe ba? Kuma mutumin da ya dawo bayan yaƙin basasa ya tarar wasu sun gaje masa gida a unguwar Kumbiya-Kumbiya, shi zai nufi shanun Fulani da alheri? Bubayero ya karɓa da godiya, ya je bayan suri ya juye buhun, ya shuka busasshen irinsa.

"Alhaji, ka shuka shi yadda na ce?"

"Ƙwarai kuwa, malam."

Hyginus ya miƙe ya karkaɗe hannu. "To laifina ne. Yau zan rubuta wa babban ofishinmu na Maiduguri cewa dabarar ba ta yi ba. Buhu arba'in na nan, ba zan raba wa kowa ba, kada in cuci mutane."

Bubayero ya so ya ji daɗi, sai ya ji kunya. Ya kau da kai yana neman shanunsa. Babu ko ɗaya a filin. Can ya hango su sun yi cincirindo bayan surin, kai a ƙasa. Ya ƙarasa da sauri. Irin da ya juye ne ya tsiro kore shar, har sun kusa cinyewa!

Ya ji an taka babur. In ya yi shiru, mutuncinsa na nan, buhu arba'in kuma su tsufa a sito.

"Malam!" ya ƙwala kira, yana korar shanunsa da sanda. "Kashe mashin. Zo ka ga inda na shuka naka."