Ƙafafun da Ke Ƙarƙashin Tabarma

Da sassafe matata Penina ta tashe ni, wai in leƙa ƙofar gida. Mutane ne kusan ashirin zaune a kan ciyawa, kai a sunkuye, a gabansu mutum guda ya durƙusa an lulluɓe shi da lallausar tabarma. Ifoga ke nan, neman gafara a al'adar tsibirinmu. Ba zai motsa ba sai shugaban gidan da aka ɓata wa ya fito ya yaye tabarmar. Shugaban kuwa ni ne, ni da ko kajin gidana ba sa jin maganata.

Aka ce Tuiloma ne, hakimin ƙauyen da ƙanwata Lanuola ta yi aure. Shekara uku da suka wuce shi ya sa aka tumɓuke mata gwaza, aka kore ta da 'ya'yanta, don ta daina zuwa cocin gari tana addu'arta a gida. Tun ranar suke wurina. Shari'arta da shi kuma ran Litinin ce a Apia, babban birni, yau Juma'a.

Na ce wa matata wannan tuba da ƙamshin lauya take tafe, kowa ya san alƙali na sassauta wa wanda aka yaye wa tabarma. Ta ce to in fita in shinshina. Ban fita ba. Na laɓe ina nazarin ƙafafun da suka leƙo ta baya, don zuciyata ta ba ni wani ɗan'uwansa aka saka ciki, shi yana gida yana shan koko. Tafin ƙafar faffaɗa ne, diddige duk faso. Rabin tsofaffin tsibirin nan haka ƙafarsu take, har da ni.

Rana ta ɗaga, ta yi zafi. Ruwa ya sauko, ya ɗauke. Ƙafafun ba su motsa ba. Da na gaji da zargin Tuiloma sai zargin ya juyo kaina. Ranar da aka kori Lanuola ina dattijo a irin wannan cocin, kuma ban ce uffan ba, wai ina jiran ja-gorar Ubangiji. Ubangiji bai yi gaggawa ba, ni ma haka. Yanzu in na bar tsohon ya gasu, don ita na yi ko don in wanke shiruna? In kuma na yaye, tsoron Allah ne ko son a ce ni Eteuati mai haƙuri ne? Na duba ciki da kyau, duk biyun na tarar, suna zaune lafiya.

Na iske Lanuola a kicin tana kankare kwakwa. Na ja mata aya a kan yafiya. Ta bari na kai ƙarshe.

"Yaya, wa'azin na kyauta ne ko in kawo kuɗin baikon coci?" in ji ta. "Je ka yaye masa kafin ya mutu mana a ƙofa. Na yafe masa tun bara, don in samu barci. Amma gonata ba ta yafe ba. Ran Litinin ina kotu."

Na ce mutane za su ce mun karɓi tabarma mun ci amana. Ta ce to in faɗa masa tun tabarmar na kansa.

Na fita. Na tsuguna kusa da kansa na faɗa masa da ƙarfi, yadda mutanensa za su ji, cewa za a yafe amma shari'a na nan, in bai yarda ba ya tashi da abinsa. Wani a baya ya yi tsaki. Muka jira.

Muryar Tuiloma ta fito daga ƙasa, a dishe. "Yaye, ɗana."

Na yaye. Shi ne kuwa, ya jiƙe sharkaf, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Ko lauyan ya koya masa wannan ma, har yau ban sani ba. Ran Litinin dai na sa farar rigata ta coci na zauna kusa da Lanuola a kotu.